Za mu tafi aikin bishara Tamale sati biyu, waɗanda suka taɓa fita waje ku ba mu shawara

Yahuza_Zariya:
Salama 'yan'uwa cikin Ubangiji. Mu matasan majami'armu nan Maradi mu 9 ne, maza 6 mata 3, in Allah ya yarda cikin bakans ɗin nan watan Agusta za mu tafi Tamale ta ƙasar Gana aikin bishara na sati biyu. Wani fasto ne ɗan ƙasarmu da ke zaune can ya gayyace mu mu taya shi aikin yara da ziyara cikin zango. To gaskiyar magana cikinmu mutum ɗaya ne kawai ya taɓa wuce Katsina. Kuɗi muna ta tarawa, addu'a muna yi. Don Allah wanda ya taɓa irin wannan tafiya ya gaya mana mi za mu riƙe, mi za mu bari, wace hanya ta fi.

MamanTabita:
Kai madalla! Ubangiji shi kai ku lafiya shi maido ku lafiya ɗiyana.

Saratu_likita:
Yahuza kafin komai, karnen allura kuna da shi? Wannan mai ruwan ɗorawa na shawara nike nufi. Gana ba su wasa da shi. Kuma ku sani allurar ba ta fara ƙidayuwa sai ta kwana 10 a jiki, kada ku bari sai ana gobe tafiya ku ruga. Abin daɗin shi ne tun 2016 hukumar lafiya ta duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rai, saboda haka wanda ke da tsohon karne ya nemo shi cikin akwati, ba sai ya sake ba.

Yahuza_Zariya:
Na gode yaya Saratu. Mutum 3 kaɗai ke da shi. Wani ya ce mana wai ana iya samun karnen a tasha ba sai an yi allurar ba.

Saratu_likita:
Subhana! Za ku je wa'azin gaskiya da takardar ƙarya cikin aljihu? Kuma sauro bai karanta karne ɗan'uwa. Ku je a yi muku.

Bala_Direba:
Hhhh sauro bai karanta karne, wannan na ajiye ta. To ni maganar hanya zan yi don shekara 14 ina bisa titi. Da can hanyar Tamale mai sauƙi ita ce Yamai, Torodi, Makalondi, ka shiga Burkina ta Kancari da Fada, ka sauka Wagadugu sannan ka gangara Paga. Wannan yanzu ku manta da ita, ko kyauta aka ce za a kai ku kada ku shiga, kowa ya san halin tsaro a yankin nan. Abin da mutane ke bi shi ne Maradi, Konni, Dogondutsi, Dosso, daga Dosso ka karya kudu zuwa Gaya wajen kilomita 150. Maradi zuwa Dosso kaɗai ya haura 500, wato kun ga wuni guda ya tafi ba ku ma bar ƙasa ba. Tun bayan juyin mulkin Yulin 2023 aka rufe gadar Gaya da Malanbil, wato iyakarmu da Benin, lokacin da na bi da kwale-kwale muka ƙetare kogi, kaya a kai, kowane mataki da kuɗinshi. Daga nan Kandi, Paraku, Jugu, ka shiga Togo ta Kara, sannan Gana ta ɓangaren Yendi. Iyaka uku ke nan. Ku lissafa kwana 3 zuwa, 3 dawowa, in mota ba ta lalace ba. Kuma ranar da za ku tashi ku sake tambaya a tasha don labarin iyaka na jiya ba shi ne na yau ba.

Nuhu_Tsibiri:
Wato cikin sati biyun kwana 6 na hanya ne. Saura 8. Ku cire ranar hutawa da ranar gaisuwa. Yahuza kun yi wannan lissafi kuwa?

Yahuza_Zariya:
Gaskiya mun ɗauka kwana 2 ne. Za mu koma mu zauna.

Hannatu227:
Me ya hana ku bi ta Najeriya? Ɗan Isa, Jibiya, Katsina, Kano, ku hau babbar mota zuwa Legas, sai Seme, Kwatano, Lome, Aflao.

Bala_Direba:
Hannatu wannan ai ka zagaya gida ka shiga ta taga ne. In ka isa Aflao kana bakin teku, Tamale na can arewa, daga Akara ma kusan kilomita 600 ne. Ga shingayen da ke tsakanin Legas da Seme, wanda bai jin turanci zai sha tambaya. Su kuma faransanci suka yi a lakwal. Ta Benin da Togo aƙalla sefarmu ce ke aiki kuma in jandarma ya yi magana sun ji.

Ishaya_AliDanSofo:
Maganar takardu fa? Ai mun fita daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, tun 29 ga Janairun 2025, Gana kuwa tana ciki. Ba sai da biza ba yanzu?

Malam_Bulus:
A'a Ishaya. Ranar da fitar ta tabbata ita ƙungiyar da kanta ta fitar da sanarwa cewa a ci gaba da karɓar fasfo da katin ɗan ƙasa na Nijar, Mali da Burkina masu tambarinta, kuma a bar mutanensu su shiga ba biza har sai an sake wata shawara. Ita wannan “har sai an sake shawara” ɗin ce ta sa nike cewa shugaban tafiya ya bincika kafin a sayi tikiti. Shawarata kowa ya yi fasfo in da hali, ya fi daraja a iyaka, kuma ba a samunshi cikin kwana biyu, ku fara tun yau. Sannan takarda biyu: wasiƙar gayyata daga faston can mai sunayenku duka da adireshi da lambar wayarshi da hatimi, ita da turanci, sai wasiƙar aike daga majami'arku da faransanci. Komai ku yi mishi fotokopi biyu, ku ɗauki hotonshi a waya ku tura wa wani a gida. In akwai wanda bai kai shekara 18 ba sai da takardar izinin iyaye da aka buga wa hatimin hukuma, in ba haka ba a iyaka za a ɗauke ku masu safarar yara.

Yahuza_Zariya:
Akwai yarinya ɗaya mai 17, ita ce ma mai jan waƙa.

Malam_Bulus:
To ka ji. Takardarta ta fi muryarta muhimmanci ranar nan.

Dattijo_Iliya:
Ɗiyana ku yi mini haƙuri ni ba maganar hanya zan yi ba. Ni na girma ina kallon baƙi na zuwa muna. Tun zamanin da 'yan mishan na SIM ke Tsibiri da Danja da Galmi, har zuwa waɗanga masu zuwa sati guda su koma. Na yi ma baƙi tafinta sau ba adadi, na san abin da mai masauki ke haɗiyewa bai faɗi. Akwai ƙungiyar da ta zo muna wata shekara, mutanen kirki wallahi, amma kwana 10 da sunka yi matan zumunta ba su huta ba, faston namu ya bar ziyarar marasa lafiya ya koma direba, sunka shafa ma ɗakin sujada fenti alhali cikin ekklisiya muna da masu fenti biyu da ke zaune ba aiki. Ranar tahiya sunka yi kuka munka yi kuka, sunka ce za su aiko kuɗin rijiya. Shekara 11 ke nan. Mutanen ƙauyen har yau in sun ga fasto sai su ce ina rijiyarmu, suna zaton shi ya ci. To yanzu ku ne za ku zama baƙin wani. Abin da nike roƙonku, kada bakinku ya yi alkawarin komi, ko na littafi guda. Kuma ku tambayi faston nan tun kuna nan: wa ka biyan abincinmu? In ya ce kada ku damu Ubangiji zai tanada, ku sani daga tukunyar matarshi za ya hito. Baƙo raɓa ne, amma mutum 9 cikin gidan mai bishara ba raɓa ba ne, ambaliya ce.

MamanTabita:
Baba Iliya ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Mu ne matan da ba su huta ba ɗin. Ni dai shawarata ku riƙa naku gero ko shinkafa, ko ku damƙa ma matar fasto kuɗin cefane a hannunta ranar da kunka sauka, ba ranar tahiya ba. Kuma samarin nan 6 su ɗebo ruwa su wanke kwanonsu, ba wai su zauna ƙarƙashin icce da gita ba.

Nuhu_Tsibiri:
Ni fa tunda Baba ya buɗe ƙofar bari in faɗi abin da ke raina. Kuɗin motar mutum 9 zuwa da dawowa da abin da za a bari a iyakoki, in aka haɗa aka aika ma faston nan zai riƙe mai bishara ɗan ƙasar wata da watanni, wanda ya san harshen ya san mutanen. Kuma ga ƙauyuka nan wajen Dakoro da Mayahi da ba wanda ke leƙawa. Mi ya sa sai Gana? Ba don hoto ba ne?

Yahuza_Zariya:
Yaya Nuhu wannan ta yi zafi. Dakoro muna zuwa duk shekara, ka tambaya. Shi ya kira mu, ba mu muka nema ba, ya ce yaran zango hausa suke ji kuma mutanenshi ba su iya koya musu waƙa da karatu da hausa ba.

Nuhu_Tsibiri:
In shi ya kira ku da aiki takamaimai to na janye rabi. Rabin na riƙe.

Fasto_Ayuba:
Nuhu tambayarka tana da kyau kada a rufe ta. Amma ba komai ake aunawa da sefa ba. Ni tafiyar sati uku da na yi Kamaru ina saurayi ita ce ta sa na shiga makarantar Littafi Mai Tsarki, ban tsammanin na amfani mutanen can da wani abu, su suka amfane ni. Abin da ban so shi ne matasa su tafi da tunanin su ne za su kai Yesu Tamale. Akwai ekklisiyoyi can tun kafin a haife ku. Dubi Toni Rinaudo, mutumin Ostareliya da ya zauna nan Maradi, sai 1983 ya gane kututturan da ke gonakinmu itatuwa ne masu rai, kuma ya ɗauki shekaru yana bin manoma kafin sassaben zamani, wato barin kututturan su sake tsiro cikin gona, ya kama. Wanda ya zauna shekaru ke nan. Mai kwana 8 ya rage baki ya ƙara kunne.

Dattijo_Iliya:
Haka ne Fasto. Na san zamanin, mutane har mahaukacin bature suke ce mai don ya ce a bar icce cikin gona.

Rahila_Kumasi:
Sannunku, ni 'yar Maradi ce aure ya kai ni Kumasi shekara 7. Bari in gyara wani abu. Tamale garin Dagomba ne, harshensu Dagbanci, kuma mafi yawa musulmi ne kamar gida. Hausa za ku ji ta a zango da kasuwa amma kada ku ɗauka kowa ya iya, kuma wanda ya iya ma tashi daban ce. Su ba ruwansu da “ta” da “ya”, za ka ji an ce matata ya tafi kasuwa. DON ALLAH kada ku yi dariya kada ku gyara musu. Na ga wani baƙo daga gida ya tsaya gaban jama'a yana gyara wa tafinta hausa, daga ranar ba wanda ya sake sakin jiki da shi. Ku ma ku sassauta, irin su munka da kunka da “mi kake so” yaran can sai su yi ta kallonku. Kalmomin faransancin nan da muke cusawa ba mu sani ba, lakwal, kuran, rezo, babu mai ganewa, can sukuul ne da laiti.

Hannatu227:
Matata ya tafi kasuwa 😂😂 yaya Rahila ni dai da na fashe.

Rahila_Kumasi:
Shi ya sa ba a sa ki cikin tafiyar ba. Wani abu kuma, agogonsu yana bayan namu da awa ɗaya. Sannan wurin sa caja ba irin namu mai ƙafa biyu zagaye ba ne, mai ƙafa uku ne irin na Najeriya, ku sayi abin haɗawa nan kasuwa da rallonji guda mai baki da yawa ku huta. Layin waya kuma rajistarshi ga baƙo wahala ce, ya fi faston ya tanadar muku layi ɗaya da sunanshi shugaban tafiya ya riƙe.

Bala_Direba:
Kuɗi! Na manta. Gana sidi suke ci ba sefa ba. Kada ku canza duka a bakin iyaka wurin masu tsayuwa da damin kuɗi a hannu, ku canza na mota da ruwa kawai, sauran a cikin gari tare da mai masaukinku. Kuma ku raba kuɗin hannu uku, kada ma'aji ɗaya ya ɗauke duka cikin jaka ɗaya ya yi barci a mota. Ku riƙe ƙananan kuɗi da yawa, 'yan 500 da jika-jika, wanda ya fiddo 10.000 a shinge canji ba ya dawowa.

Ishaya_AliDanSofo:
Ni abin da ya taɓa kama ni a Kano ke nan, lissafin dala. Mu nan in an ce ɗari ai 500 ake nufi, mai shayi ya ce mini ɗari biyu na tsaya ina ninkawa sau biyar a kai ina cewa wannan shayin da zinariya aka dafa shi.

Rahila_Kumasi:
Hhh can ma akwai irinta. A 2007 suka cire sifili huɗu daga kuɗinsu amma wasu tsofaffi har yanzu da tsohon lissafi suke magana, tsohuwa za ta ce maka dubu goma alhali sidi ɗaya take nufi. In kun rikice ku ce a rubuta muku a waya.

Yahuza_Zariya:
Wannan maganar shinge da Malam Bala ya yi ita ke damuna. In an ce mu ba da wani abu, mu da muke tafiya da sunan Ubangiji, mu bayar ko mu ƙi?

Malam_Bulus:
Ku ce a ba ku rasit. Cikin ladabi, da murmushi.

Bala_Direba:
Malam Bulus da girmanka, ka taɓa neman rasit ƙarfe 2 na dare mota cike da fasinja direba na hura oda? Za a ajiye katinka a ce ka zauna a benci, motar ta tafi ta bar ka. Ni ba na ce daidai ba ne, na ce haka take.

Fasto_Ayuba:
Ni ina bambanta biyu. Ka ba da kuɗi don a rufe ido kan laifinka, kamar ba ka da karne, wannan cin hanci ne kai ka nema. A tare ka takardunka cikakku a karɓe maka da ƙarfi, wannan zalunci ne aka yi maka. Shi ya sa maganar Saratu ta farko ita ce maganin rabin abin. Amma ku zauna ku tara ku yanke shawara tun a gida, mutum ɗaya ke magana a kowane shinge, mai sanyin rai, ba mai zafin kai ba.

Nuhu_Tsibiri:
Fasto ni ban gamsu da rabon nan ba, wanda ya karɓa bai san wane iri ka ba shi ba. Amma a bar ta sai mun haɗu.

Saratu_likita:
Ku dawo kan lafiya don Agusta tsakiyar damina ce can ma kuma ruwansu ya fi namu nesa ba kusa ba. Kowa da sangenshi, ba a aro. Ku riƙe maganin palu, wato zazzaɓin cizon sauro, irin Coartem daga farmasi ba na bisa tebur ba, amma in zazzaɓi ya kama mutum a gwada jini tukuna. Parasetamol, filasta, sabulu, ƙwayar Aquatabs ta tsabtace ruwa. Zawo kuwa sai ya kama wani cikinku, wannan ba annabci ba ne sanin aiki ne. In ba ku da ƙunshin SRO, garin ruwan gishiri da sukari na masu zawo, ku haɗa da kanku: ruwa mai tsabta lita 1, sukari ƙaramin cokali 6, gishiri rabin ƙaramin cokali. Mai shan maganin hawan jini ko asma ko sikila ya riƙe na wata guda da takardar likita, kuma ya faɗa wa shugaba, kada kunya ta sa a ɓoye.

MamanTabita:
Su riƙa ƙuli-ƙuli da kilishi da garin yaji da dabino saboda hanya. Ɗiyan Maradi ba su iya cin abincin mutane.

Rahila_Kumasi:
Mama ba za su sha wahala ba a Tamale. Tuwon zafi suke ci, har sunan ma namu ne, ga koko da ƙosai da safe, ga waakye wanda shinkafa da wake ce kawai sunan ya lanƙwashe. Sai dai in an kawo banku mai tsami ko fufu. Fufu ba a taunawa, haɗiyewa ake.

Fasto_Ayuba:
Luka sura 10, Ubangiji ya ce wa waɗanda ya aika su ci abin da aka sa a gabansu. Kilishin a ci shi a mota ko a miƙa shi tsaraba, kada a ɓuya a ɗaki ana ci bayan an ce wa uwar gida an ƙoshi.

Hannatu227:
Amma Fasto a surar nan ai ya ce kada a ɗauki jaka ko takalma, ga shi ana ta lissafa musu kaya kamar masu ƙaura 😄

Fasto_Ayuba:
Ki ƙarasa zuwa sura 22 Hannatu, can ya ce mai jaka ya ɗauka.

Dattijo_Iliya:
Abu ɗaya na manta, hoto. Ku tuna yadda muke ji in baƙo ya ɗaga waya kan ɗiyanmu masu majina ya sa a Facebook ya rubuta a taimaki matalauta. Kada ku yi ma wani. Wanda ya zo wurin addu'a a ɓoye kuwa, hotonshi guda na iya raba shi da gidansu bayan kun tahi. Kuma kafin ku buɗe baki cikin unguwa ku sa faston ya kai ku gaida sarkin zango da limami. Mu nan mun san zama da maƙwabta, mun kuma ga yadda aka ƙone majami'u Janairun 2015 a Zinder da Yamai. Ba a zuwa garin mutane da lasifika a zagi addininsu a hau mota a bar mai masauki da wuta.

Rahila_Kumasi:
Gaskiya Baba. In za ku gidan sarki ku riƙe goro. Kuma 'yan matan su sa zane da kallabi kamar gida, kada su ce an fita waje.

Yahuza_Zariya:
Na rubuta duka, shafi uku. Na kira faston yanzu kan maganar abinci, ya yi shiru sannan ya yi dariya ya ce wa ya gaya muku ku tambaya. Ashe ɗaki biyu gare shi kuma yana shirin kai 'ya'yanshi gidan maƙwabta don mu. Yanzu muna tunanin ko mu rage mu koma mu 5, sauran kuɗin a yi cefane da shi. Matsalar ita ce wa za a ce ma ya zauna, kowa ya sayar da wani abu ya zuba.

Nuhu_Tsibiri:
Huɗun da suka rage ku turo mini su, Dakoro na nan.

Saratu_likita:
Ko 5 ko 9 ina jiranku ranar Litinin da safe maganar allura, kada in ji labarin tasha.

Bala_Direba:
Mai gita dai a bar shi gida, kwale-kwalen Gaya kuɗin kaya daban suke karɓa.

Yahuza_Zariya:
Malam Bala ni ne mai gitar 😭